Amsoshin Wasiƙunku: Gidauniyar Masu Buƙata ta Musamman, Daga Gangarar Masallaci Zuwa Asusun Ƙungiya

Wasiƙun wannan fitowar kusan bakinsu ɗaya. Jama'a sun tara kuɗi, ko suna shirin tarawa, don sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman shiga masallaci da makaranta da asibiti, amma suna tsoron kada kuɗin ya salwanta. Injiniyan gini, da ma'aikaciyar gashin ƙashi, da wani masanin harkar kuɗin ƙungiyoyi ne suka haɗa kai suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da dattawa biyu da wani saurayi da ke zuwa masallacinmu a keken guragu, kullum sai an cicciɓe su an haura da su matakala uku. Mun yi gidauniya bayan sallar Juma'a, an samu abin da aka samu. Birkilanmu ya ce gangarar mita biyu ta isa. Mu ba shi aikin?
Daga sakataren kwamitin wani masallaci, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka wa jama'arku da alheri. Amma kada ku yarda da mita biyun nan.

Ku ɗauki tef ku auna daga ƙasa zuwa daɓen ƙofa. Matakala uku yawanci santimita 45 ne, kowace 15. Ƙa'idar masana gini ita ce duk santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na tsawo, kuma wannan ita ce iyakar tsaurin da aka amince da shi. In an samu fili aka yi 1 da 15, ya fi sauƙin hawa. To 45 sau 12 ya kama 540, wato mita 5 da santimita 40. Ta birkilanku za ta fi haka tsayuwa kusan ninki uku. Abin da ke faruwa a irinta sananne ne: mai hawa zai tura da iya ƙarfinsa, tayoyin gaba su ɗaga, keken ya kife da shi ta baya, ƙeyarsa ta bugi siminti. Mai sauka kuwa keken ya ƙwace masa. Ƙarshenta a koma cicciɓar mutanen kamar da, gangarar ta zama wurin zamiyar yara.

In babu filin mita biyar da rabi a gaban ƙofar, ku kwantar da gangarar ta bi jikin bango, ko ku karya ta biyu ta yi kwana. Duk inda ta yi kwana sai an yi shimfiɗaɗɗen wuri mai santimita 150 ta kowane gefe, domin nan keke zai juya. Irinsa ake so a sama, a bakin ƙofa. Wannan na saman shi ne aka fi mantawa, alhali in babu shi mutum ba zai iya sakin taya ya tura ƙofa ba, yana saki keken zai koma da shi ƙasa. Faɗin gangarar ya zama santimita 120. A gefuna a ɗaga ɗan baki mai tsayin santimita 10 don kada taya ta zame waje. Ƙarfen dafawa a gefe biyu, ɗaya a tsayin santimita 90, wani a ƙarƙashinsa wajen 70 don yara da mai zaune a keke. Bututun ya zama mai kaurin santimita 4 yadda hannu zai zagaye shi, a kuma shafa masa fenti mai haske, domin baƙin ƙarfe a ranar watan Afrilu ba ya taɓuwa.

Ga ƙiyasin kaya na gangara mai wannan awon da shimfiɗar samanta: bulo inci 6 kimanin 70 har da na tushe, jar ƙasa ta ciko ƙasa da kubik mita 2, kankare mai kaurin santimita 10, wanda zai ci kamar buhun siminti 6, da wasu 2 na ɗora bulo da shafe. Kwaɓin kankaren buhu 1 ne da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Ba mu sa farashi ba don siminti ba ya zama wuri ɗaya. Ku tambaya a kasuwarku ranar da za ku saya.

Wuraren da aiki ke lalacewa su ne waɗannan. Ciko in ba a daddale shi hawa-hawa ba, ana yayyafa ruwa ana bugawa kowane santimita 15, damina ɗaya zai zauna kankaren ya tsage. Tayil haramun ne a kan gangara a wurinmu, komai kyansa, domin ruwan alwala kaɗan ya ishe shi kayar da mutum. A bar fuskar simintin da kaushi, a ja tsintsiya a gicciye tun yana ɗanye. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 kafin a hau. Gindin gangarar ya haɗe da ƙasa sumul. Ɗan tudun santimita 3 da birkila zai ce ba komai ba ne, shi zai tokare ƙaramar tayar gaba. Haka dokin ƙofa. Ku duba kwatar da ke gaban masallacin ma, domin in ba a rufe ta da silab ba mai keke ba zai ko iso gangarar ba. Sai takalma: ku yi musu kanta a gefe, ladan ya riƙa tunatarwa, in ba haka ba ranar Juma'a gangarar ce za ta fara cika da su.

Kafin a zuba kankare, lokacin da birkila ya ja igiyar awo, ku kira saurayin nan da dattawan su gani, su faɗi ta gefen da ya fi musu sauƙin shigowa. Ku biya birkilan kashi uku: na fara aiki, na bayan kun auna ciko da kanku, na ƙarshe bayan mai keke ya hau ya sauka ba wanda ya taɓa shi.

In kuɗi ya yi saura, ku gyara famfo ɗaya na alwala: kujerar siminti mai tsayin santimita 45, kan famfo mai hannu wanda ake turawa, ba na murɗawa ba. Ku shimfiɗa leda ko tabarma a gefen sahu kusa da ƙofa, don kada maganar ƙurar taya a kan darduma ta zama dalilin barin bayin Allah a waje.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta mata tana son sayen keken guragu 20 mu raba a watan azumi. Wani ɗan kasuwa ya ce zai yi mana ragi in muka ɗauka gaba ɗaya. Wane iri ya fi ƙarko?
Daga shugabar wata ƙungiyar mata, Gusau

AMSA: Hajiya, Allah ya karɓi niyya. Shawararmu ita ce kada ku sayi ko ɗaya sai kun san mutum ashirin ɗin, kun je gidajensu, an kuma auna su. Ragin ɗan kasuwa ba zai biya asarar keken da bai dace da mai shi ba.

Kekunan da aka fi kawowa a kwali su ne masu naɗewa irin na asibiti. An yi su ne don tura majiyyaci a kan daɓe mai santsi. Tayoyinsu na gaba ƙanana ne sirara, suna nutsewa a yashi. Mazauninsu leda ce da ke lotsawa bayan 'yan watanni, ta karkatar da ƙugu. In boris ɗinsu ya mutu da wuya a samu irinsa a kasuwa. Shi ya sa za ki tarar da su a jingine a zaure ba a yi shekara ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan samar da keken guragu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma abin da ta nanata shi ne keke ba kayan rabo ba ne: sai an duba mutum, an zaɓa masa, an daidaita masa, an koya masa, an kuma koma an ga yadda yake.

Awo uku ne ginshiƙi. Faɗin mazauni ya yi daidai da faɗin ƙugu, yadda tafin hannu zai iya ratsawa ta gefe amma ba fili. In ya yi faɗi mutum zai kishingiɗa gefe guda, a yaro kuwa wannan na iya lanƙwasa kashin baya. Zurfin mazauni ya tsaya saura yatsu 2 zuwa 3 ya taɓa bayan gwiwa. Matakin ƙafa kuma a daidaita shi yadda cinya za ta kwanta a mazaunin gaba ɗaya.

Buƙatun ma ba ɗaya ba ne. Wanda shan inna ya kama, hannuwansa na da ƙarfi, yana zuwa kasuwa ko makaranta mai nisa, keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi masa, kuma duk mai gyaran keke zai iya gyara shi tunda taya da sarƙa da birki duk na keken hawa ne. Ana ƙera irinsa a nan gida; ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa ta Kano ta daɗe tana ƙera shi, haka cibiyar Beautiful Gate da ke Jos. Sayensa a hannunsu lada biyu ne, domin yawancin maƙeran su ma masu lalurar ne. Amma ba ya shiga ɗaki ko aji. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, wadda tura ta ake yi a tsakar gida, na asibitin zai iya yi mata. Yaron da ba ya iya riƙe wuyansa kuwa yana son kujera ta musamman mai tallafe baya da kai, wannan aikin masu gashin ƙashi ne, ku kai shi babban asibiti ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Waɗanda muka fi jin tsoro a kansu su ne masu rauni a laka, waɗanda ba sa jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Ba wa irin wannan keke babu kushin na musamman cutarwa ce. Nauyin jiki yana danne fata a kan ƙasusuwan zama, jini ya daina kaiwa, shi kuma ba ya jin zafin da zai sa ya motsa. Sai gyambo ya ɓarke daga ciki, kuma gyambon zama yana kisa. Dole a haɗa masa da kushin mai soso mai tauri a ƙasa da mai laushi a sama, a koya masa sunkuyawa gaba ko karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30, a riƙa duba fatar kullum. Ja ko duhun da bai washe ba bayan rabin awa alama ce ta a dakata da zama a nemi ma'aikacin lafiya.

In kuɗinku na keke 20 ne, ku sayi 16 ko 17. Ragowar ku ajiye na kushin, da faci, da boris, da kuɗin motar wanda zai zagaya bayan wata 1 da bayan wata 6. Ku kuma taƙaita bikin rabo. Rumfa da kujeru da mai hoto sukan cinye kuɗin keke guda, kuma ba kowa ke son a jera shi a rana ana ɗaukar hotonsa ba.

TAMBAYA: Attajiran unguwarmu sun fi sakin hannu in aka ce zakka. Za mu iya karɓar zakka mu yi gangara da banɗaki a makarantar Islamiyya?
Daga wani malamin Islamiyya, Katsina

AMSA: Allah ya gafarta Malam, kai ne gaba da mu a nan, amma ga yadda abin ke shafar asusu. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, kuma lalurar jiki ba ta cikinsu a karan kanta. Gurgu mawadaci ba ya ci, gurgu matalauci yana ci saboda talaucinsa. Mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, ba su yarda a yi gini da zakka ba, ko masallaci ne ko gada, domin ana son a mallaka wa mai karɓa.

Saboda haka ku buɗe littafi biyu. Kuɗin zakka ya tafi ga mutum: ɗalibin da iyayensa ba su da halin saya masa keke, ko sandunan dogarawa, ko na'urar ji. A damƙa musu kuɗin, ko su wakilta kwamiti ya saya musu. Gini kuwa ya fito daga sadaka da waƙafi. Ku gaya wa attajiran gaskiya cewa gangara sadaka ce mai gudana, duk wanda ya bi ta kanta ladan na tafiya. Wanda ke da shago ko gida zai iya waƙafin hayar ɗaki guda don gyare-gyare, wanda ya fi gudummawar lokaci ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Jihohi irin su Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi da za a iya neman shawararsu kan yadda ake rubuta waƙafi don kada magada su tayar da shi.

TAMBAYA: Mu masu lalurar ƙafa ne mu 34, mun kafa ƙungiya muna zubi duk mako. Sau biyu ana rigima kan kuɗi. Kuma muna jin ana ba ƙungiyoyi tallafi daga waje, amma mu ba mu san ƙofar ba.
Daga ma'ajin wata ƙungiya, Bauchi

AMSA: Ɗan'uwa, ku fara gyara na cikin gida, domin shi mai ba da tallafi zai fara dubawa.

Rigimar kuɗi kusan kullum daga abu ɗaya take: mutum guda ne ke karɓa, shi ke ajiyewa, shi ke rubutawa. Ku raba aikin uku. Mai karɓa ya ba da rasit mai lamba da kwafi. Sakataren kuɗi ya rubuta a littafi. Ma'aji ya kai banki cikin kwana 2. Asusun ya zama da sunan ƙungiya, masu sa hannu 3, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Kada a yarda kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun wani, ko da shugaba ne, ko da amintacce ne. In ya rasu kuɗin ya shiga cikin gado. Duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da wanda ya fita da baki a gaban kowa, saboda waɗanda ba sa karatu. A kuma zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su riƙa gwada littafi da takardar banki duk wata uku.

Kada ku raina zubin. Mutum 34, kowa naira 500 a mako, naira 17,000 ke nan. A wata 6 ya haura 400,000. Ku yanke tun yanzu nawa ne na aiki, nawa ne na gyaran kekuna, nawa ne na rashin lafiya, ku rubuta a tsarin mulkin ƙungiya. Rance shi ke kashe irin waɗannan asusu, don haka in za a yi shi a sa masa iyaka da wa'adi da mai tsaya wa mutum.

Rajista hawa biyu ce. Ta farko a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar jiha, mai sauƙi ce, ta isa a san da ku. Ta biyu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Dokar kamfanoni ta 2020 tana son amintattu aƙalla 2, da tsarin mulki, da bayanin taron da aka zaɓe su, da sanarwa a jaridu 2 da za a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Inda ƙungiyoyi ke faɗuwa shi ne rahoton shekara-shekara na CAC: a yi rajista a manta da shi, sai ranar neman tallafi a tarar an sa su cikin waɗanda ba sa aiki, ga tara ta taru.

Sai ƙofofin. Ku shiga reshen jiharku na JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, domin ta nan sanarwa ke fara biyowa. Akwai Disability Rights Fund, wata gidauniya ta ƙasa da ƙasa wadda ke tallafa wa ƙungiyoyin da masu lalurar ke jagoranta da kansu, musamman kan neman haƙƙi. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana da shirin ƙananan ayyukan al'umma, wanda ya fi karkata ga gini da kayan aiki, ba albashi ba. Kusa da ku kuma akwai kulob ɗin Rotary, da bankuna da kamfanonin da ke garinku, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da 'yan asalin unguwarku mazauna Legas da Abuja. A ganinmu waɗannan na kusa sun fi saurin amsawa ga sabuwar ƙungiya.

Takardar neman tallafi kada ta ce "a taimaka wa naƙasassu". Ta ce: asibitin unguwa kaza, matakala 2, tsayi santimita 30, gangarar mita 3 da santimita 60, ga hoto, ga farashi daga 'yan kasuwa 3, ga abin da muka tara da kanmu, ga masu aikin gayya. Shafi biyu sun isa. Kuma duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom ko ku ba shi lambar sirrin banki kafin tallafi ya fito, ɗan damfara ne.

TAMBAYA: Ina da ɗaliba mai shekara 11 da ke tafiya da rarrafe. Tana da ƙoƙari, amma ta fara fashin zuwa lakwal. Da na bincika sai uwarta ta ce saboda makewayi ne. Kwamitin iyaye ba shi da kuɗin sabon gini.
Daga wata malamar firamare, Maraɗi

AMSA: Malama, madalla da kika bincika. Wannan na cikin manyan dalilan da ke raba irin waɗannan yara da karatu, kuma kunya ba ta bari a faɗa. Yarinyar da za ta dafa ƙasan masai da hannu za ta gwammace ta ƙi shan ruwa tun safe, ko ta zauna gida.

Ba sai an yi sabon gini ba. Ku zaɓi ɗaki ɗaya daga cikin na 'yan mata, wanda ya fi kusa da aji. A gina mazauni a kan ramin da bulo, a shafe shi da siminti sumul a yi masa fenti don ya wanku. Tsayinsa a auna da ita, wajen santimita 35 ga yarinya, 45 ga babba. In bulo ya gagara, kafinta ya huda kujerar katako mai ƙarfi, a shafe ta da fenti, a sa mazurarin roba a ƙasa. A kafa bututun ƙarfe biyu a gefe don dafawa, a binne su cikin kankare, domin wanda aka maƙala a bangon da bai da ƙwari zai fizge. Ƙofa ta buɗe waje, faɗinta santimita 90 in zai yiwu, da sakata babba a tsayin da za ta kai. In ƙofa na buɗewa ciki kuma yarinya ta faɗi a bayanta, ba mai iya shiga. A daddale hanyar daga aji da jar ƙasa, a ajiye buta da bokiti a kan dakali kusa da hannu. A saya mata katakan dafawa na hannu ko safar roba kafin a samu keke.

Buhun siminti 2 da bulo 15 da bututu mita 3 da aikin yini biyu za su yi yawancin wannan. Mabuɗin ya zauna a wurinta ko wurinki, amma kada a rubuta komai a ƙofar da zai sa yara su riƙa nuna ta. Ki tuntuɓi reshen FNPH, tarayyar masu lalura ta Nijar, kan batun keke.

TAMBAYA: Duk gidauniyar da aka yi, keke da gangara ake magana. Mu makafi da 'yan'uwanmu kurame fa?
Daga wani ɗalibi makaho, Kano

AMSA: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Gangara ana ganinta a hoto, shi ya sa ta fi jan masu bayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka duk kwamitin da ba makaho da kurma a cikinsa, masu ƙuri'a ba 'yan rakiya ba, zai ci gaba da mantawa da ku. Muna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun kaka da kakanni, a fara da su, a haɗa da matasa da mata.

Yawancin abin da makaho ke buƙata a unguwa ba shi da tsada. Rufe kwatoci da ramukan da aka bari a buɗe shi ne na ɗaya. Sai ɗage rumfuna da allunan shaguna da ke daidai goshi, domin sanda ƙasa take lalube, ba ta jin abin da ke rataye. Tagogin da ke buɗewa kan hanya su ma haka. Ga masu gani dishi-dishi, a ja layin fenti rawaya mai faɗin santimita 5 a bakin kowace matakala. Farar sanda a auna ta daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙirji, a kuma biya wanda zai koyar da amfani da ita. Ga ɗalibai, allo da tsinken rubutun makafi na Braille, da wayar Android wadda manhajar TalkBack ke karanta abin da ke kanta da murya, da manhajar NVDA mai irin wannan aiki a kwamfuta, wadda kyauta ce. Abin da asusu zai biya a nan shi ne mai koyarwa da data. Kafin komai kuma a kai mutum a duba idon, domin yanar ido ana cire ta da aiki a gani. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Kurame kuwa babbar buƙatarsu tafinta. A ware kuɗinsa a kasafi kamar yadda ake ware na lasifika. Ya tsaya inda haske ke dukan fuskarsa da hannuwansa, ba taga a bayansa ba. Taron da ya wuce awa ɗaya yana son tafinta 2 suna karɓar juna duk minti 20 zuwa 30. A kuma tambaya tukuna: maganar hannu da kuramen Kano suka tashi da ita a gari daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda ta samo asali daga ta Amurka. Na'urar ji kada a saya a kasuwa a raba. Sai an gwada kunne, an saita ta daidai da rashin jin mutum, an kuma yi tanadin batir, wanda ke ƙarewa cikin kwanaki zuwa mako biyu. Abin sawa a kunnen yaro ma sai an riƙa sake shi yana girma. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna tana wannan aikin.

TAMBAYA: Me ya sa za mu tara kuɗinmu mu gyara asibitin gwamnati? Ba doka ta ce su yi ba?
Daga wani mai gyaran waya, Dutse

AMSA: Doka ta ce, Malam. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta sa tarar naira 1,000,000 ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, mutum ɗaya kuma 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a kuma fara sallamar su a layi. An kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020, jihohi irin su Jigawa da Kano da Kaduna da Filato kuma suna da nasu dokokin.

Don haka kuɗin jama'a ya fi dacewa da masallaci da coci da Islamiyya da gidajen marasa ƙarfi. Ginin gwamnati kuwa a fara da takarda. Dokar ta ba mai lalura damar sanar da hukumar da ke da alhakin wuri cewa ba ya iya shiga, kuma wajibi ne ta gyara. Ku rubuta wa shugaban asibitin da shugaban ƙaramar hukuma, ku sa awo da hoto da ƙiyasin kaya, ku ba da kwafi ga kansila da hakimi da kwamitin ci gaban mazaɓa. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin. Bayan kwana 30 ku sake rubutawa, ku haɗa da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko na Hukumar Karɓar Koke-koke da ke jiharku. In jira zai cutar da marasa lafiya kuka ga sai kun yi da kanku, ku karɓi izini a rubuce kafin ku taɓa ginin, ku kuma nemi ƙaramar hukuma ta kawo siminti ku ku kawo ma'aikata.